Jihar Jigawa: Yadda ruwa, kasuwa da siyasar masarautu ke tafiyar da rayuwar jama'a

Jigawa na cikin jihohin Najeriya da mafi yawan mutanensu ke zaune a karkara, suna dogaro da noma, kiwo, kamun kifi da ƙananan sana'o'i. Babu wani babban birni guda da ya mamaye jihar kamar yadda birnin Kano ya mamaye tasa jihar. Jama'a sun warwatsu ne a garuruwa masu matsakaicin girma da dubban ƙauyuka da rugage. Saboda haka abin da ya fi damun mutumin Jigawa shi ne abin da ke kusa da shi: saukar damina, cikar kogi, farashin taki, hanyar da za ta kai shi kasuwa, da asibitin da zai kai iyalinsa idan dare ya yi. Da waɗannan ne ake auna kowace gwamnati a jihar, kuma a kansu siyasarta take juyawa.

Kafuwar jihar da tsarinta

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Badamasi Babangida, inda aka yanke ta daga tsohuwar Jihar Kano aka sanya Dutse ta zama babban birninta. Sunan ya samo asali ne daga jigawa, wato tudun ƙasa mai rairayi, irin wanda ya shimfiɗu a yawancin sassan jihar. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 23,000. Tana iyaka da Kano da Katsina ta yamma, Bauchi ta kudu maso gabas, Yobe ta arewa maso gabas, sannan da Jamhuriyar Nijar ta arewa. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna mutanen jihar sun haura miliyan 4.3.

Hausawa da Fulani ne mafi rinjaye. Akwai Mangawa, Badawa da Ngizimawa a arewa maso gabas, musamman a yankunan Birniwa, Guri da Kirikasamma, akwai kuma Warjawa a wani sashe na ƙasar Birnin Kudu. Hausa ce harshen kasuwa da na mu'amala tsakanin kowa da kowa.

Jihar tana da ƙananan hukumomi 27 da mazaɓun kansila 287, kuma dukkansu sun faɗa ne ƙarƙashin masarautu biyar. Masarautar Haɗejiya ce mai takwas: Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kirikasamma. Dutse na da bakwai: Dutse, Birnin Kudu, Gwaram, Buji, Kiyawa, Jahun da Miga. Sauran ukun kowace na da huɗu. Gumel ta ƙunshi Gumel, Gagarawa, Maigatari da Sule Tankarkar. Kazaure ta ƙunshi Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi. Ringim kuma ta ƙunshi Ringim, Taura, Garki da Ɓaɓura.

Waɗannan masarautu ba su fito daga tushe ɗaya ba. Haɗejiya da Kazaure tsofaffin masarautu ne na Daular Usmaniyya. Gumel ta Mangawa ce, kuma a da Borno take bi. Dutse da Ringim sun daɗe a matsayin manyan gundumomi a ƙarƙashin Sarkin Kano kafin a ɗaga darajarsu. A ƙasar Haɗejiya ne Garun Gabas yake, wanda ake dangantawa da Biram ta cikin Hausa Bakwai, kuma mutanen Haɗejiya na alfahari da tsayuwar da Sarki Muhammadu ya yi wa sojojin Turawa a 1906 har ya yi shahada. A Birnin Kudu akwai zane-zanen mutanen da a jikin duwatsu, waɗanda ke cikin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ke kula da su. Wannan bambancin tarihi ne ya sa har yau mutum kan fara bayyana kansa da masarautarsa kafin jiharsa.

Shekarar manomi

Rayuwa a ƙauyukan Jigawa tana bin yanayi ne. Da bazara ake sharar gona da kai taki, ana jiran ruwan shuka wanda yawanci yakan sauka a watan Yuni, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Kudancin jihar, wajen Gwaram da Birnin Kudu, ya fi samun ruwa. Arewaci, wajen Maigatari, Ɓaɓura da Birniwa, damunarsa gajeriya ce, kuma kwararowar hamada na cin gonaki. Wannan ne ya sa Jigawa ke cikin jihohi 11 da shirin dashen itatuwa na katange hamada ya shafa.

A kan tudu ana noma gero, dawa, wake da gyaɗa domin ci, sai riɗi, zoɓo da kankana domin kuɗi. Jigawa na sahun gaba a ƙasar nan wajen noman riɗi da zoɓo, waɗanda 'yan kasuwa ke saye suna fitarwa ƙasashen waje. Ana kuma samun ƙaro a arewacin jihar, da dabino a kewayen Dutse, inda cibiyar binciken itatuwan ja ta ƙasa ke da reshen binciken dabino. Watan Agusta shi ne lokacin da ya fi tsanani ga talaka, domin rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba. A lokacin ne magidanci kan sayar da akuya, ko ya tafi ƙwadago gonar wani, ko ya ci bashin da zai biya da hatsi idan kaka ta yi.

Bayan girbi jama'a kan kasu biyu. Wanda yake da fadama ko yake kusa da kogi sai ya koma noman rani, ya shuka shinkafa, alkama, tumatir, albasa, tattasai da attaruhu. Wanda ba shi da ita sai ya kama hanyar cirani zuwa Kano, Abuja, Legas ko Fatakwal, ya yi dako, ko ga-ruwa, ko acaɓa, ko gadi, ya riƙa aiko da abin cefane har ruwa ya sauka. A ƙauyuka da dama na kan tudu, daga Disamba zuwa Mayu tsofaffi da mata da yara ne suka fi yawa a gari.

Mata na da babban kaso a wannan tattalin arziki ko da ba su fita gona ba. Su ne ke kiwon awaki da tumaki da kaji a cikin gida, suna yin ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, daddawa, saƙar tabarma da faifai, suna kuma zuba adashi wanda ke zama jarin biki, suna ko jinya. Inda aka rasa kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago, har yanzu akan kira gayya.

Kogin Haɗejiya: arziki da fargaba

Babu abin da ya shafi rayuwar mutane da yawa a jihar kamar Kogin Haɗejiya. Kogin yana samuwa ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa, ya shigo Jigawa ta ƙasar Ringim, ya ratsa Taura, Miga, Auyo da Haɗejiya, sannan ya rarrabu zuwa rassa a cikin faffaɗar fadamar Haɗejiya da Nguru. Daga nan ruwan ke haɗuwa da na Kogin Jama'are ya zama Komadugu Yobe, wanda ke ƙarewa a Tafkin Chadi. Fadamar ta shahara a duniya saboda tsuntsayen da ke yin ƙaura zuwa cikinta daga Turai a lokacin hunturu, kuma dajin Baturiya na cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu.

A da, kogin kan cika da damina ya malala cikin fadama, ya bar danshi da taki, sannan ya janye da rani. Manomi ya shuka shinkafa a kan ambaliyar, masunci ya kama kifi, makiyayi ya shigo da shanu bayan an kwashe amfani. Wannan tsari ya sauya bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, dukkansu a cikin Jihar Kano, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Ruwan da a da yake zuwa lokaci guda ya koma gudana kusan duk shekara.

Sauyin ya kawo amfani, domin ya buɗe ƙofar noman rani mai yawa. Aikin ban-ruwa na kwarin Haɗejiya da ke Auyo, wanda aka gyara da tallafin Bankin Duniya kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Janairun 2023, ya ƙunshi fili kusan hekta dubu shida. A ƙasar Haɗejiya ne kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na ƙasa a watan Nuwamban 2023. Shinkafar yankin tana ciyar da injinan casa a Haɗejiya da Kano.

Amma ruwan da ba ya ƙafewa ya ba ciyawar kacala damar yaɗuwa. Ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa, ta tara yashi da laka, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu far wa shinkafa da gero. Idan ruwa ya zo da yawa ya tarar da hanyarsa a toshe, sai ya fasa ta gonaki da gidaje. Wasu rassan kuma da suka toshe gaba ɗaya sun bar ƙauyukan da ke bakinsu cikin ƙishirwa, alhali maƙwabtansu na fama da ambaliya.

Ambaliyar shekarun 2020 da 2022 na cikin waɗanda suka fi muni a baya-bayan nan. A ta 2022 mutum fiye da ɗari ne suka rasu, dubban gidajen ƙasa suka rushe, aka tsugunar da jama'a a makarantu, wasu garuruwa suka koma sai da kwalekwale ake shiga. A Haɗejiya matasa sun kwana suna cika buhuna da yashi suna ƙarfafa jingar da ta kare garin. Mazauna bakin kogi kan ɗora laifin a kan sakin ruwa daga madatsun Kano. Hukumar kogunan kuma takan ce Tiga tana tumbatsa ne da kanta idan ta cika, kuma toshewar hanyar ruwa da gine-gine a kan magudanai su ne ke ƙara ɓarnar. Gwamnatin jiha ta sayi injinan yashe kogi, ƙungiyoyin sa-kai na ƙauyuka kuma kan shiga ruwa da lauje da adda su sare kacala.

Matsalar ta fi ƙarfin jiha guda, tunda madatsun na gwamnatin tarayya ne, suna cikin wata jiha, ruwan kuma yana wucewa zuwa wasu. Wannan ne ya sa jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka amince a 2006 su kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da kogin. Duk da haka, a duk watan Agusta da Satumba mutanen Ringim, Auyo, Kafin Hausa, Haɗejiya, Kirikasamma da Guri na kwana da ido ɗaya.

Gona, burtali da mashaya

Idan aka kwatanta da wasu jihohin arewa maso yamma, Jigawa ta tsira daga yawan hare-haren 'yan bindigar daji. Rikicin da ya fi tayar da hankali a karkararta shi ne na manoma da makiyaya, wanda yakan taso a ƙarshen damina, lokacin da garken shanu ke gangarowa daga arewa, har daga Nijar, kafin manomi ya gama kwashe amfanin gonarsa. Guri, Kirikasamma da Birniwa na cikin wuraren da aka fi samun irin wannan arangama, wani lokaci har da asarar rayuka.

Tushen rikicin ƙarancin fili ne. Jama'a sun ƙaru, an nome burtali da makiyaya, noman rani kuma ya mamaye fadamar da shanu ke sauka da rani. Manomi na ganin guminsa na shekara zai salwanta cikin dare ɗaya, makiyayi kuma na ganin hanyar da kakanninsa suka bi an toshe ta da dawa. Gwamnatin jiha tana da hukumar sasanta manoma da makiyaya, wadda ke aiki da sarakuna, ardo-ardo da shugabannin ƙananan hukumomi wajen shata burtali, haƙa mashaya da sanya ranar da za a saki dabbobi su shiga gonaki. Inda hakimi da ardo ke da kyakkyawar fahimta, sau da yawa akan kashe wutar tun tana ƙarama.

Akwai kuma ƙorafin karɓar gonaki domin manyan ayyukan zuba jari. Shirin noman rake da kafa masana'antar sukari a yankin Gagarawa ya jawo doguwar taƙaddama kan diyya, domin ga mutumin karkara gona ita ce gado, ita ce kuma jinginar da yake fuskantar kowace matsala da ita.

Ranar kasuwa

Mako a Jigawa ana lissafa shi ne da ranakun kasuwa. Gujungu da Haɗejiya na ci ranar Lahadi, Shuwarin ranar Litinin, Sara ranar Talata, Maigatari kuma ranar Alhamis. A kasuwa ake sanin farashin hatsi, a can ake jin labarin wanda ya rasu da wanda zai aurar da 'ya, a can kuma 'yan siyasa ke gane inda iska ta dosa.

Maigatari, wadda ke bakin iyaka da jihar Damagaram ta Nijar, na cikin manyan kasuwannin dabbobi a Afirka ta Yamma. Ana shigo da shanu, raƙuma, tumaki, awaki da jakuna, a loda su a manyan motoci zuwa kudancin Najeriya, 'yan Nijar kuma su koma da hatsi da kayan masarufi. Haɗejiya ta shahara da kifi, ɗanye da banda, har ma da busassun kwaɗi da fatake ke kaiwa kudu. Gujungu da Sara na tara hatsi da riɗi. Kowace kasuwa na ciyar da dillalai, 'yan dako, masu awo, direbobi, masu abinci da 'yan kamasho.

Saboda haka duk matakin da aka ɗauka a Abuja ko Yamai, ana jin sa nan take a rumfunan kasuwa. Rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 ya durƙusar da cinikin Maigatari, har zuwa Disamban 2020 da aka sake buɗe ta tare da Seme, Illela da Mfum. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kafin Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na 2024. Iyalai da dama a wannan yanki suna da 'yan uwa a tsallaken iyaka, don haka rufewar ta taɓa zumunci kamar yadda ta taɓa aljihu. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya tilasta wa makiyaya da manoma da ba su da asusun banki karyar da kayansu. Cire tallafin man fetur a watan Mayun wannan shekarar ya ninka kuɗin mota da na ban-ruwa, abin da ya sa masu hali suka fara komawa injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana.

Tsananin rayuwa ya fito fili a daren 15 ga Oktoba, 2024, lokacin da tankar mai ta faɗi a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura. Jama'a sun taru suna kwasar man da ya malala, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu, aka yi musu jana'iza a babban kabari guda. Wannan na cikin mafi munin haɗurran da jihar ta gani tun kafuwarta.

Siyasar jihar

Siyasar Jigawa ta gaji ta tsohuwar Kano, inda NEPU da PRP suka yi ƙarfi a tsakanin talakawa. Dattawa na tuna yadda gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, lokacin da yankin ke cikin Kano. Har yau kalmar talaka tana da nauyi a bakin ɗan siyasar jihar.

Gwamnan farar hula na farko shi ne Ali Sa'ad Birnin Kudu na jam'iyyar SDP, daga 1992 zuwa 1993. Bayan mulkin soja, Ibrahim Saminu Turaki ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, inda ya hau a APP wadda ta koma ANPP, ya kuma sauya sheƙa zuwa PDP kafin ya sauka. Sule Lamido na PDP, tsohon ɗan PRP kuma tsohon Ministan Harkokin Waje, ya riƙe jihar daga 2007 zuwa 2015. Muhammad Badaru Abubakar na APC ya gaje shi har zuwa 2023, shekarar da aka naɗa shi Ministan Tsaro. Malam Umar Namadi, wanda ya yi wa Badaru kwamishinan kuɗi sannan mataimaki, ya ci zaɓen 2023 a APC, inda ya kayar da Mustapha Sule Lamido na PDP da Aminu Ibrahim Ringim na NNPP.

Idan aka dubi garuruwan da waɗannan gwamnoni suka fito, za a ga abin da ke ƙarƙashin siyasar jihar. Ali Sa'ad da Lamido daga masarautar Dutse suke, Turaki daga Kazaure, Badaru daga Ɓaɓura ta masarautar Ringim, Namadi kuma daga Kafin Hausa ta masarautar Haɗejiya. Kafin 2023, ƙorafin cewa Haɗejiya mai ƙananan hukumomi takwas ba ta taɓa fitar da gwamna ba ya kasance babban zance a jihar. Gumel ce kaɗai ta rage, kodayake ta fitar da mataimakan gwamna, ciki har da Aminu Usman da aka zaɓa tare da Namadi. Babu dokar da ta tanadi karɓa-karɓa, amma kowace jam'iyya na la'akari da masarautu wajen raba muƙaman mataimakin gwamna, kakakin majalisa, sakataren gwamnati da kwamishinoni.

Hatta mazaɓun sanata uku sun bi wannan layi. Kudu maso yamma ita ce masarautar Dutse, arewa maso gabas ita ce Haɗejiya, arewa maso yamma kuma ta haɗa Gumel, Kazaure da Ringim. Jihar na da kujeru 11 a Majalisar Wakilai da 30 a majalisar dokokin jiha. Haka ma manyan makarantu an rarraba su: Jami'ar Tarayya a Dutse wadda aka kafa a 2011, Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa a 2013, Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura, Kwalejin Ilimi a Gumel, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, da ta Binyaminu Usman a Haɗejiya.

Kowace gwamnati ta bar abin da ake tuna ta da shi a karkara. Ana danganta zamanin Turaki da cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta Kazaure. Na Lamido da gina Dutse, filin jirgin sama, tituna, da alawus na Naira 7,000 duk wata ga masu buƙata ta musamman. Na Badaru da noman rukuni da rabon awaki ga mata. Gwamnatin Namadi kuma ta fito da shirin Gwamnati da Jama'a, inda gwamna da kwamishinoninsa ke zuwa kowace ƙaramar hukuma su saurari koke-koke a bainar jama'a.

Ƙaramar hukuma da masu sarauta

Ga mutumin ƙauye, hukuma tana farawa ne daga ƙofar mai unguwa, wanda a ƙasashen Haɗejiya da Gumel ake kira bulama. Daga shi sai dagaci, sai hakimi, sai sarki. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe ikon mulki daga hannun sarakuna, amma har yau su ake fara kai wa rikicin iyakar gona, na gado da na aure. Su ne ke shaida cinikin fili, su ke karɓar baƙo, kuma da su ake cin nasarar allurar rigakafi da rajistar masu zaɓe. Tun da jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kotunan shari'a da Hisba ma na ɗaukar wani kaso na sasanta jama'a.

Kundin tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, tsaftar gari da ƙananan hanyoyi, tare da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya a matakin farko. Kasonsu daga asusun tarayya shi ne kashi 20.6 cikin 100. Sai dai shekara da shekaru kuɗin na bi ne ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, abin da ya sa a faɗin ƙasar nan ake kukan cewa shugaban ƙaramar hukuma bai wuce mai biyan albashi ba. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura kuɗin kai-tsaye, ta kuma haramta naɗa shugabannin riƙo. Jigawa ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a watan Oktoban 2024, inda APC ta lashe kujerun shugabanni 27 gaba ɗaya. Irin wannan sakamako, da jam'iyya mai mulki ke cinye komai, shi ake gani a kusan kowace jiha, kuma shi ne hujjar masu neman a karɓe zaɓen daga hannun hukumomin zaɓe na jihohi.

Kansila shi ne zaɓaɓɓen da ya fi kusa da jama'a, kuma a ƙofar gidansa ake kai takardar asibiti, kuɗin jarrabawa da batun famfon da ya lalace. Inda hukuma ta yi nisa, ƙungiyoyin ci gaban gari kan tara kuɗi su gyara rijiyar burtsatse, su yi cikon hanya, ko su ɗauki nauyin malamin sa-kai.

Lafiya da ilimi

Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya sanya kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa a ƙarƙashin ma'aunin talauci, abin da ya ajiye ta a sahu ɗaya da Sakkwato da Taraba. Ana ganin alamar hakan a yawan yara masu tamowa a lokacin damina, a mace-macen mata wajen haihuwa, da kuma yawan yaran da ba sa zuwa makaranta. Zazzaɓin cizon sauro na ƙaruwa bayan ambaliya, amai da gudawa kan ɓulla inda ruwan sha ya gurɓata, sanƙarau kuma da zafin bazara.

Jihar na da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, da Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse wanda ya koma asibitin koyarwa na jami'ar tarayya. A Babban Asibitin Jahun, ƙungiyar likitoci ta MSF na aikin karɓar haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, kuma mata na zuwa can daga jihohin maƙwabta. Shirin Haihuwa Lafiya na jihar ya dogara ne da direbobin ƙauye da ke kai mai naƙuda asibiti cikin gaggawa. Babban ƙalubale shi ne riƙe likitoci da ungozomomi a karkara, domin da yawa kan koma birane ko ƙasashen waje.

A fannin ilimi, makarantun allo da na Islamiyya sun riga na boko kafuwa a zukatan jama'a, kuma iyaye da dama kan tura 'ya'yansu almajiranci bayan girbi. Makarantun firamare na ƙauye na fama da ƙarancin malamai da cunkoso, halartar yara kuma na raguwa a ranar kasuwa da lokacin shuka. Duk da haka jihar na da tsohon tarihin boko, domin makarantar sakandaren gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye fitattun mutane da dama, ciki har da Alhaji Aliko Ɗangote.

Abin da ke gaba

Tsohon layin dogo na Kano zuwa Nguru ne ya raya garuruwa irin su Ringim da Malam Madori a zamanin cinikin gyaɗa. Yanzu ido na kan sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai bi ta Kazaure, da reshe zuwa Dutse. Manoman riɗi da zoɓo na fatan samun masana'antun da za su sarrafa amfaninsu a gida. Mutanen bakin kogi na jiran yashe hanyar ruwa mai ɗorewa, da gargaɗin da zai iso gare su kafin ruwa ya iso. Shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli kuma na fuskantar tambayar da hukuncin Kotun Ƙoli ya jefa musu: idan kuɗin ya iso hannunsu, nawa ne zai kai ga famfo, aji da ɗakin shan magani na ƙauye. A kan waɗannan batutuwa ne jama'ar masarautun biyar za su auna masu neman ƙuri'arsu a zaɓen 2027.